Daƙiƙa goma sun ishi mai kunne

A shekarar 1987 kamfanin E-mu na Amurka ya fitar da wata na'urar haɗa kiɗa mai suna SP-1200. Duk sautin da take iya riƙewa bai wuce na daƙiƙa 10 ba, shi ma a rabe gida huɗu. Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a yau ta fi ta ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Amma da wannan akwati ne irin su Pete Rock suka haɗa kiɗan hip-hop da har gobe ake koyi da shi.

Dabararsu ita ce su ɗora faifan garmaho mai gudu 33 a kan gudu 45, don guntun da suke son yankowa ya shige cikin ɗan lokacin da na'urar ta ba su, sannan su sassauta gudunsa. Sai sautin ya fito da kauri, da wata 'yar ƙura a jikinsa. Rashi ne ya haifi wannan ƙura, ga shi yanzu kamfanoni suna sayar da manhajar kwaikwayonta.

Shi ya sa ba na saurin karɓar kukan da samarinmu na Kano da Kaduna da Jos suke yi na rashin kayan aiki. J Dilla ya ƙarasa kundinsa Donuts ne yana fama da jinya, ana cewa wani sashe a gadon asibiti da 'yar ƙaramar na'ura, ya rasu kwana 3 bayan fitowarsa a 2006. Mai kwamfutar cinya da manhajar FL Studio ya fi shi kaya. Sauran kuwa an san yadda ake yi: a jingina katifa a bango, a saka safa a jikin lanƙwasasshiyar waya a gaban makirfo don iskar baki, a kashe fanka, mawaƙi yana zufa yana rerawa kafin a ɗauke wuta. Babu abin kunya a nan.

Abin da ke damuna shi ne abin da ake zubawa cikin kwamfutar. Kowa ya sauko da ganguna iri ɗaya daga intanet, waƙa goma sai ka rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Alhali kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos suna nan kwance a tsofaffin kaset. Na san ba aiki ne mai sauƙi ba. Kalangu magana yake yi, yana hawa da sauka da karin harshe. Ka datse shi a inda bai dace ba, ka datse kirarin wani a tsakiya. Kuma makaɗan Shata ba agogon kwamfuta suke bi ba, numfashin maigidansu suke bi. Wanda ya tilasta wa kiɗansu zama daidai kan layukan manhaja ya kashe shi. Nan ne ake gane mai kunne.

Sai dai wanda zai yanko, ya san akwai masu abu. Gregory Coleman ya buga ganga ta 'yan daƙiƙu a wata waƙar The Winstons a 1969, aka yanke ta aka saka a dubban waƙoƙi, ya mutu a 2006 bai ga ko sisi ba. A 1991 kuma kotu a Amurka ta kama Biz Markie da laifin ɗaukar kiɗan Gilbert O'Sullivan ba izini, daga nan neman izini ya zama dole a can. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma haƙƙin waƙoƙinsu bai bi su kabari ba. Kafin a ɗora waƙa a dandalin Audiomack, a nemi magada a yi sallama, a zauna a yi ciniki, a rubuta a takarda.