Zuwa ga Duba-garin Ƙasar Zuru: Ku Zana Taswirar Randa da Taya

Ya ku 'yan'uwana duba-gari da jami'an sa ido kan cututtuka na Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba,

Maganar taswira ce ta sa na rubuto muku. A ofisoshin lafiya da dama za ka tarar da ita manne a bango, da iyakokin mazaɓu da sunayen asibitoci, ba a waiwayarta sai baƙi sun zo. Irin wannan taswira ba ta kashe sauro ko ɗaya. Wadda nake roƙonku ku zana ita ce wadda ake yi da ƙafa, gida-gida, ana leƙa randa ana kifar da taya.

Kun fi ni sanin halin da jiharmu ke ciki. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin 100 a Kebbi, alhali a ƙasa baki ɗaya 22 ne. A wannan binciken babu jihar da ta kai mu. Ba mamaki da aka tashi fara allurar rigakafin maleriya a Disambar 2024 aka soma da Kebbi da Bayelsa. Hankalin kowa yana kan sauron dare, mai ƙyanƙyasa a kududdufi da fadamar shinkafa, kuma daidai ne.

Sai dai ba shi kaɗai ba ne. A Nuwambar 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓarkewar zazzaɓin dengi a Sakkwato: mutum 71 ake zargi, 13 gwaji ya tabbatar, a Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. A wannan shekarar ta 2023 dengi ya kashe fiye da mutum 700 a Burkina Faso. Motar Sakkwato kuwa kullum tana shigowa tashar Zuru, kuma mai ɗauke da cutar a jininsa ba a gane shi a fuska.

Mai yaɗa dengi wani sauro ne daban, Aedes, ɗan baƙi mai ratsin fari a ƙafafu. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma la'asar sakaliya, don haka gidan sauron da ake saukewa da dare bai cika tare shi ba. Ba ruwansa da fadama. Ruwan da muka adana da hannunmu yake so: randar da ba murfi, duron da aka tara ruwan sama, jarkar da aka manta a bayan ɗaki, kaskon shan ruwan kaji, tsofaffin tayoyin da aka jibge a wurin mai faci, tankin masu buga bulo. Macen tana manna ƙwanta a jikin mazubin, ɗan sama da bakin ruwa, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe, ya ƙyanƙyashe ran da ruwa ya taɓa shi. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne. Ga kuma abin da ya fi shafar aikinku: ba ya tafiya nesa, yawanci 'yan mita ɗari kaɗan daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Idan yaro ya kamu a wani gida, to mazubin da ya haifi sauron yana nan kusa, ko a gidan, ko a maƙwabta, ko a makarantar da yake wuni.

Shi ya sa taswirar da ta ce "mazaɓar Rikoto akwai zazzaɓi" ba ta gaya muku komai ba. Rikoto ina? Wane layi, bayan wane masallaci ko coci? A Singafo, da zarar an sami mutum biyu da dengi cikin kwana 14 a tazarar mita 150, sai a ɗauki wurin a matsayin inda cuta ke yawo, ma'aikata su bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ba kuɗinsu nake cewa ku kwaikwaya ba, ma'aunin nake so ku ɗauka.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. A ƙasar Hausa aka gwada shi. Lokacin yaƙi da cutar shan-inna, masu allura suna amfani da taswirar hannu, ana ta tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba a sani ba. Daga wajen 2012 aka fara zana garuruwan Kano da wasu jihohin Arewa daga hoton tauraron ɗan'adam, aka ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka. Nan asiri ya tonu, aka ga wuraren da ba a taɓa shiga ba. A Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Bayanan matsugunai na shirin GRID3 suna nan a intanet kyauta, haka manhajar QGIS da KoboCollect. Wanda bai da kwamfuta, ya buga hoton unguwar daga Google Earth, ya sa jan biro da baƙi. Ya isa a fara.

Abin da za ku rubuta ba shi da yawa: wurin gidan, mazubi nawa ke da ruwa, nawa ke da tsutsar sauro, kuma wane iri ne. Irin mazubin shi ne muhimmi, domin sau da yawa za ku tarar 'yan wurare ƙalilan ne ke haifar da yawancin sauron unguwa. In tayoyi ne, maganar ta mai faci ce da ƙungiyarsu. In randa da duro ne, to matsalar ƙarancin ruwa ce, kuma ba a ce wa matar da ta sayi ruwa wurin mai garuwa ta zubar. A nuna mata ta rufe da kyau, ta goge cikin randar da soso duk mako, don zubar da ruwa kaɗai ba ya cire ƙwan.

Sannan ku ɗora taswirar marasa lafiya a kan ta mazubai. Ku je asibiti ku roƙi masu rajista su daina rubuta "Zuru" kawai a gurbin adireshi, su sa unguwa da sunan mai unguwa. Ku sa ido kan waɗanda aka gwada ba a sami maleriya ba, ga zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da ciwo a bayan ido. Da yawansu taifot ake laƙaba musu a sallame su. Idan irinsu suka taru a layi ɗaya, ku sanar da jami'in sa ido na jiha, a ɗebi jini. Ku kuma ja kunnen masu kemis: wanda ake zargi da dengi farasitamol ake ba shi, ban da asfirin da ibufurofen, don suna ƙara haɗarin zubar jini.

Sunan mara lafiya kada ya hau taswirar da za a kai fadar hakimi ko a tura a WhatsApp. Ɗigo ya wadatar. Kuma ku riƙa sabunta ta. Rashin tsaro ya sa mutanen ƙauyuka da dama sun dawo gefen gari, inda ba famfo, kowa da jarkokinsa, kuma tsohuwar taswira ba ta san da su ba.

Ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru za su iya taya ku shigar da bayanai idan kun nema. Ku zaɓi unguwa ɗaya, ku sanar da mai unguwa, ku zagaya ta tun kafin ruwan farko ya sauka, sannan ku koma cikin Agusta ku gwada abin da kuka gani da na baya.