Gwangwanin da Ba a Sa wa Taki Ba

Duk wanda ya zaga makarantunmu na firamare, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, a lokacin da ake koyar da tsirowar iri, zai tarar da gwangwanayen madara jere a bakin taga, wake yana leƙowa daga ciki. Abin yabo ne, domin gani ya kori ji. Sai dai akwai kuskuren da yawancinmu muke yi, kuma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya.

Malami zai zuba taki a gwangwani ɗaya, ya ajiye shi inda rana take taɓawa, yara suna rige-rigen ba shi ruwa. Ɗayan kuwa yana lungu, babu taki, babu mai tunawa da shi. Bayan mako biyu sai a rubuta a allo cewa taki ne ya sa na farko ya fi kore da ƙwari. Wa ya tabbatar? Wataƙila rana ce, wataƙila ruwa ne. Abu uku aka sauya a lokaci guda, don haka gwajin bai nuna komai ba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Abu ɗaya tak ake sauyawa, wato taki. Abu ɗaya ake aunawa, kamar tsawon tsiro ko yawan ganye. Sauran kuwa dole su zama daidai: wake daga kwano guda, ƙasa daga wuri guda, ruwa da ludayi guda, taga guda. Gwangwanin da ba a sa wa taki ba shi ne shaida. In babu shi, da me za a kwatanta? Kuma a shuka uku-uku, domin ƙwaya ɗaya tana iya zama matacciya tun daga rumbu.

Haka James Lind, likitan sojan ruwan Birtaniya, ya yi a 1747. Ya ɗauki matuƙan jirgi 12 masu fama da cutar da ke sa dasashi zubar jini, ya raba su biyu-biyu, abincinsu ɗaya, maganin kawai ya bambanta. Waɗanda aka ba lemu ne suka murmure.

Ɗalibanmu da yawa 'ya'yan manoman rani ne da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Gobe su ne dillali zai tara da buhun taki ko kwalbar feshi, yana nuna gonar da ta yi kyau. Yaron da ya saba tambayar ina kuyyar da ba a zuba wa ba, da wuya a raba shi da kuɗin shinkafarsa a banza.

Saboda haka muna roƙon abokan aiki, musamman shugabannin makarantu masu duba shirin darasi, kada a yarda a shuka ƙwaya ko ɗaya sai kowane yaro ya rubuta a littafinsa abin da za a sauya, abin da za a auna, da abin da za a bari yadda yake.