Wurin Hucewa ga Ɗaliban Kudancin Kaduna

Sharhinmu na yau ya shafi wani ƙaramin tanadi da ya kamata kowace makaranta a Kafanchan da kewaye ta yi, wato wurin da yaro zai je ya huce idan hankalinsa ya tashi ana cikin darasi.

Malaman da ke koyarwa a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf sun san yaran da muke nufi. Akwai wanda da salansar babur ta yi ƙara a bakin titi, sai ya shige ƙarƙashin benci yana kyarma. Akwai wadda da ruwan Agusta ya fara dukan kwanon rufi, sai ta toshe kunnuwa ta fashe da kuka. Mun saba ce musu masu taurin kai, ko sangartattu, ko masu iskokai, kuma maganin da aka fi ba su shi ne bulala da kamun kunne.

Abu biyu ne ke kawo wannan hali. Na farko shi ne abin da yankin ya gani. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya cinye kasuwar Kafanchan. A 2016 aka kai hare-hare Godogodo da Goska, har ta kai an rufe Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya tsawon watanni. A 2020 wasu hare-haren suka kori iyalai daga ƙauyukan Zangon Kataf zuwa sansanin gudun hijira a Zonkwa. Yaran da aka goya aka gudu da su cikin dare, su ne yau ke zaune a azuzuwanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da ake tashin hankali, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar damuwa ko firgici.

Na biyu kuwa halitta ce. Da yawa daga masu lalurar galahanga, wadda hukumar ta ce tana shafar kusan yaro ɗaya cikin 100, suna jin ƙara da haske da cunkoso fiye da yadda sauran mutane ke ji. Hayaniyar ajin da kowa ya saba da ita, su azaba ce gare su.

Ko ma mene ne sanadin, idan firgici ya zo zuciya na bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukar karatu. Dukan yaro a wannan hali ƙara masa tsoro ne kawai. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su tuna ɗanyen ma yana karyewa idan aka matsa masa.

A ƙasar Holan, cikin shekarun 1970, wasu ma'aikatan jinya biyu, Ad Verheul da Jan Hulsegge, suka fara keɓe ɗakuna masu sassaucin haske da sauti domin masu lalurar ƙwaƙwalwa, daga baya makarantu a ƙasashe da dama suka ɗauka. Mu ba sai mun sayi kayansu masu tsada ba. Kusurwar laburare ta isa, ko rumfar zana a inuwar mangwaro nesa da titi. A shimfiɗa tabarma, a ajiye ruwan sha da takarda da fensir. Yaro ya zauna minti goma, numfashinsa ya daidaita, ya koma aji.

Amma da sharuɗɗa. Kada wurin ya zama kurkuku, kada a tura yaro can don horo, kada a kulle ƙofa. Dole wani babba ya kasance yana ganinsa, kuma malama ce za ta kula da 'yan mata. A riƙa rubuta wanda ya zo da abin da ya tayar masa da hankali. Idan abin ya yawaita, a kira iyaye, a tura su babban asibitin da ke Kafanchan, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Wani zai ce makarantar da ba ta da isassun benci ina ita ina wannan, kuma yara za su mai da shi mafakar gudun lissafi. To, kuɗin tabarma da zana bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba, rajistar kuma za ta tona mai fakewa.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu a 2015, ta kuma samu dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Kariya ba katanga da maigadi kaɗai ba ce. Muna kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta sa wannan tanadi cikin tsarin firamare, Kwalejin Gidan Waya ta koya wa malaman gobe gane alamun firgici, fastoci da limamai kuma su faɗa wa iyaye cewa addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Shugabannin makarantu kuwa ba sai sun jira takarda daga Kaduna ba, su fara a wannan zangon.