Wasiƙa Zuwa ga Masu Shirin Sauya Na'urar VTL

'Yan'uwa masu kula da ajiyar bayanai,

Duk wanda dillali ya sanar da shi cewa wa'adin na'urarsa ta VTL ya kusa cika, ina roƙonsa ya saurare ni kafin ya sa hannu a takardar saye.

VTL faifai ne da ya yi shigar burtu. Manhajar ajiya, NetBackup ce ko Commvault ko IBM Storage Protect, rumbun kaset take gani, da hannun ɗauko kaset da na'urorin karatu. Ba ruwanta da faifai. Abin da ta sani shi ne lambar kowane kaset, da lambar kowace na'urar karatu, da adireshin WWPN a kan Fibre Channel. Sabuwar na'ura kuwa da nata adireshin take zuwa. In ba ku gyara rabon hanya a kan suwic ba, aikin dare zai faɗi, da safe ku gani ku gyara. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lambar kaset ta canza, ko kaset biyu su ɗauki lamba ɗaya. Kundin manhaja zai ce fayil yana kaset kaza, a je a tarar da wani abu daban. Bayanan suna nan, amma ba mai iya kaiwa gare su, kuma ba za a ankara ba sai ranar da mai binciken kuɗi ya nemi lissafin shekarun baya. Don Allah ku fara kwafe kundin nan, ku ajiye shi wajen VTL ɗin.

Sai batun cire maimaici. Data Domain, wanda EMC ya saya a 2009 kafin Dell ya saye EMC a 2016, yana iya tura bayanai a matse zuwa ɗan'uwansa. Idan kuwa wani kamfani za ku koma, dole kowane kaset ya warware zuwa cikakken girmansa ya bi ta manhaja. A misali, terabait 50 da aka matse goma zuwa ɗaya, terabait 500 ne za su bi waya, ga aikin kullum bai tsaya ba. Ku faɗa wa shugabanni wannan tun da wuri, a rubuce.

Kada ɗokin sabon kaya ya sa ku watsar da kaset na gaske. Abin da ke jone da intanet ko layin ofis, ƙwayar cutar kwamfuta tana iya isa gare shi; kaset da ke ajiye a sito kuwa ba ya jone da layi. A harin NotPetya na 2017, kamfanin Maersk ya farfaɗo da tsarinsa ne da kwafin da ya tsira a ofishinsa na Gana, inda ɗaukewar wuta ta raba sabar da layi. Amma ku lura: na'urar karatun kaset ta LTO-8 ba ta karanta abin da ya gaza LTO-7, don haka mai kasusuwan LTO-6 a sito ya riƙe tsohuwar na'urar karatunsa.

Kada ku kashe tsohuwar VTL don allo ya nuna an gama kwafa. Ku zaɓi kaset mafi tsufa, ku dawo da bayanansa daga sabuwar, ku kira mai bayanan ya buɗe da hannunsa. Bayan nan ku goge faifan tsohuwar kafin ta bar gininku.

Allah ya ba da sa'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a