Golf: Kafin ka sake canja salon bugunka, tambayi ƙwallonka

Idan ka taɓa tsayawa a kan bidiyon golf a TikTok ko Instagram, ko da na daƙiƙa goma ne, ka san abin da ke biyo baya. Kafin dare an cika maka waya da malamai. Wannan ya ce sirrin yana ƙugu, wancan ya ce a'a, a wuyan hannu yake, wani kuma ya rantse cewa duk abin da aka koya maka a baya ƙarya ne. Kowannensu yana da "sirri ɗaya" da zai gyara maka bugu cikin minti biyu. A ajinmu na aikin jarida mun san irin wannan kanun, an gina shi ne don yatsanka ya tsaya, don haka ban ga laifinsu ba, kasuwarsu suke ci. Kai da ke zuwa fili duk Asabar da sabon salo nake tausayawa.

Na san wani zai ce, "Golf kuma? Ai wasan masu hannu da shuni ne." Akwai ƙamshin gaskiya, amma leƙa filin Kano, ko na Kaduna, ko Zariya, ko Rayfield na Jos da ake wasa a cikinsa tun 1913, ka ga su waye suka fi iya bugu. Sau da yawa yaran da ke ɗaukar wa manya jaka ne. Akwai kuma ɗalibai da matasan ma'aikata, maza da mata, da suka fara da aron sanda ko gwanjo. Da ku nake. Attajiri in ya zubar da ƙwallo shida a ciyawa ko a jikinsa, kai kuwa kowace ɗaya da ta ɓace ka san daga kuɗin me ta fita.

Ra'ayina shi ne ka daina gyaran abin da ba ka auna ba. Ƙwallon da ka buga tana gaya maka abin da sandarka ta yi, kuma karanta ta bai kai wahalar da ake zato ba.

Abubuwa biyu ne ke tsara tafiyarta a sama. Na farko, inda fuskar sanda ke kallo a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallo. Na biyu, hanyar da kan sandar ya biyo, wato ko ya nufi dama ne, ko hagu, ko tsakiya. Shekaru da dama ana koya wa mutane cewa hanyar sanda ce ke nuna inda ƙwallo za ta fara nufa. Da na'urorin rada irin TrackMan, wadda wani kamfanin Denmak da aka kafa a 2003 ke ƙerawa, suka fara aunawa, sai aka ga ba haka ba ne. Fuskar sanda ce ke da kaso mafi tsoka, kusan kashi 85 cikin 100 idan da doguwar sandar nan da ake kira direba ka buga, ya ɗan ragu a gajerun sanduna. Ita kuwa lanƙwasa, tana fitowa ne daga saɓanin da ke tsakanin fuska da hanya.

Duk wanda ya taɓa buga bugun tazara a ƙwallon ƙafa ya riga ya san wannan a jikinsa. In ka shafi ƙwallo da cikin ƙafar dama, sai ta tashi tana juyi kamar katantanwa ta karkata hagu. Haka sanda take yi. Ga mai buga wasa da dama, idan fuska tana kallon dama da hanyar da sanda ta biyo, ƙwallo za ta lanƙwasa dama. Idan tana kallon hagu da hanyar, ta lanƙwasa hagu. Bahago sai ya juya lissafin. Shi ke nan fa.

Yanzu ɗauki ciwon da ya fi damun masu koyo, wanda 'yan golf ke kira silais: ƙwallo ta tashi kamar abin arziki, can sai ta yi kwana dama ta faɗa cikin bishiyoyi. Me mutum yake yi in ya ga haka? Sai ya ƙara juya jikinsa hagu don ya ba ta wuri. To a nan gizo ke saƙar. Juya kafaɗu hagu yana sa sanda ta ƙara yankowa daga waje zuwa ciki, saɓaninta da fuska ya ƙaru, kwanar ta fi ta ɗazu. An gudu ba a tsira ba. Daga nan sai a koma waya, a samo bidiyon wani da ke maganin ciwon da ba naka ba. Mai yiwuwa ma don masu huk aka yi shi, wato waɗanda tasu ke kwana hagu, ka ga ka sha maganin hawan jini alhali jininka ƙasa yake.

Abin da zan so ka yi ba ya cin data. Buga ƙwallo goma da sandar ƙarfe mai lamba 7, goma da direba, ka rubuta abu biyu game da kowace: ina ta fara nufa, ina ta karkata. Kafin nan ka shafa ɗan alli ko hoda a fuskar direban don ka ga inda ƙwallo ke sauka. Wannan yana da muhimmanci, domin idan tana bugun gefen da ke kusa da mariƙi, ita kaɗai wannan kan tura ta dama ko da sauran komai daidai yake, idan kuma can bakin sanda take samu sai ta ja hagu. Akwai mutane da yawa da suka rushe salonsu kaf, alhali tsayuwarsu ce kawai ta matso kusa da ƙwallo.

Idan ka tabbatar silais ne, fara da riƙo. Duba hannunka na hagu a kan sanda: gaɓoɓin bayan yatsu nawa kake gani? In ɗaya ne ko babu, murɗa hannun kaɗan zuwa dama har ka ga biyu ko uku, na dama ma ya bi shi. Zai yi maka banbaraƙwai na kwanaki, ka daure. Wataƙila ƙwallo ta koma tafiya hagu tsaye, kada ka tsorata, alama ce fuska ta daidaita da hanya. Sai a sannan za ka taɓa hanya. Ajiye robar ruwa wadda ba komai a ciki can gefen waje na ƙwallo, ɗan baya kaɗan, ka riƙa bugu ba tare da ka taɓa ta ba. Ka kuma kula kada ƙwallon ta yi gaba sosai a tsayuwarka, don hakan na buɗe kafaɗu. Ɗaya bayan ɗaya dai, taura biyu ba ta taunuwa.

Inda muka fi saɓawa da malaman waya shi ne batun kyan gani. Suna sayar maka da hoto, wai sai ka yi kama da Rory McIlroy. Je ka nemo bidiyon Jim Furyk. Sandarsa sai ta yi wani zagaye a sama kamar mai korar ƙuda, mahaifinsa ne kuma kaɗai kocinsa, amma ya ci US Open a 2003, sannan a 2016 ya gama ramuka 18 da bugu 58, abin da ba a taɓa yi ba a gasannin PGA Tour. Scottie Scheffler ƙafarsa zamewa take yi kamar ya taka santsi, ya ci Masters a 2022 da 2024. Da irin waɗannan za su tura bidiyonsu a intanet ba suna, da masu gyara sun yi musu caa.

Haka ma zancen cewa gwani shi ne wanda ƙwallonsa ke tafiya tsaye kamar zare, ko mai ɗan karkata hagu. Jack Nicklaus, mai manyan kambuna 18, da 'yar lanƙwasar dama ya yi suna. Lee Trevino ya taso yana ɗaukar jaka a Texas, ya koyi bugu a kan busasshiyar ƙasa irin wadda duk mai wasa a Kano da rani ya sani, ya tsaya jikinsa na kallon hagu yana tura ƙwallo dama, ya kwashi manyan kambuna 6. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan taka tana karkata dama, aikinka shi ne ka rage kwanar ta zama 'yar kaɗan wadda za ka iya lissafi da ita. Mai ƙoƙarin juya ta hagu da ƙarfin tsiya a wata ɗaya, sau da yawa garin neman gira yake rasa ido, ya wayi gari ba ya da tabbas ko dama za ta yi ko hagu.

Za ka ce ai Tiger Woods ya canja nasa. Ƙwarai, bayan ya ci Masters a 1997 da ratar bugu 12 ya zauna da kocinsa Butch Harmon suka sake gini. A 1998 gasa ɗaya tak ya ci a PGA Tour. Sai a 1999 ya ci takwas, a 2000 ya ci tara. Wannan mutum ne da golf ce sana'arsa, kullum yana fili, ga koci a tsaye a kansa, amma sai da abin ya ci masa fiye da shekara. Kai da ke zuwa sau ɗaya a mako, tsakanin lacca da aiki, wai kana canja salo duk lokacin da sabon bidiyo ya fito? Haba.

Kada a fahimce ni baibai, ban ce ka goge manhajojin ba. Kuɗin koci ba kowa ke da shi ba, kuma akwai malamai na ƙwarai a YouTube da ke ba da ilimi kyauta. Ka je musu da tambayarka a hannu, ka zaɓi mutum ɗaya, ka ba abin da ya ce makonni kafin ka yanke hukunci. Idan za ka ɗauki kanka a bidiyo, a riƙe wayar daidai tsayin hannuwanka, a bayanka, a kan layin da kake nufa, kuma kullum daga wuri ɗaya. Ɗan motsa kyamara kaɗan kan sa sanda ta bayyana kamar ta kauce alhali ba ta kauce ba. Tsohon mai ɗaukar jaka da ya shekara goma yana kallon ƙwallayen mutane ma, ka gaishe shi ka tambaye shi me ya gani, za ka sha mamaki.

Ranar wasa kuwa, bar gyara a filin atisaye, ka buga da abin da ka zo da shi. Idan taka mai karkata dama ce, kafa ƙwallo a gefen dama na wurin tashi, ka nufi gefen hagu na filin da jiki da fuskar sanda gaba ɗaya, ka bar ta ta dawo tsakiya. Idan iskar hunturu tana kaɗawa daga hagu, ka san za ta ƙara mata kwana, sai ka ajiye direba ka ɗauki sanda mai ɗaga ƙwallo sama kaɗan, don irin waɗannan ba su cika lanƙwasawa ba. Tun 2019 doka ta rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓace zuwa minti uku, in ba ka gan ta ba ka koma inda ka bugo, ga tarar bugu ɗaya a kanka, ga kuma kuɗin sabuwa.