Waiwaye: Masu gida da abin da gida ya jawo musu

Mu nan Madekali, Buffles ta Parakou ce tamu ta arewacin Benin, kuma ta fid da mu kunya da ta ɗauki kofin ƙasa a 2014 da 2017 da 2019. Amma in an zauna wurin mai shayi ana sauraron rediyon Hausa, hirar ƙwallo ba ta daɗewa sai ta tsallaka iyaka ta faɗa kan Kano Pillars.

Pillars ta ci gasar Nijeriya sau huɗu: 2008, sannan uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan an tashi biyu da biyu a Alƙahira, ta kai wasan kusa da ƙarshe, inda Heartland ta tare mata hanya. Lokacin nan duk baƙon da ya shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san kwanan zancen. Tun da hantsi jama'a ke cika benci, rawaya da kore ko'ina, ganga na tashi, ana "Sai masu gida!" Daga 2003 ba wanda ya doke su a Kano a gasar Nijeriya, sai a 2015 da Nasarawa United ta yi.

A ganina shekaru 12 ɗin nan ne suka ɓata 'yan kallo. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin an ci ƙungiyarsa a gida ba, ko canjaras aka yi sai ya ɗauka alƙalin wasa ne ya sayar da su. Ƙungiyar da ke neman kofi kuwa dole magoya bayanta su iya haɗiye rashin nasara a gabansu, su fita lafiya.

A Afrilun 2022 aka ga sakamakon. Wasa da Katsina United bai ƙare ba, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta ci Pillars tarar naira miliyan 9. A Yuni kuma, a wasa da Dakkada, shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa ya kai wa mataimakin alƙali hannu. In babba ya yi haka, me za a ce wa mai sayar da rake a bakin ƙofa? Aka zaftare maki, kakar ta ƙare da Pillars a cikin huɗun da suka faɗa rukuni na biyu. Katsina United ma tana cikinsu.

Ba su daɗe a can ba, a 2023 suka dawo. Ɗan wasansu Rabi'u Ali Pele, da shekarunsa, bai daina zura ƙwallo ba. Ahmed Musa, wanda ya ci musu ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, ya dawo gida a 2024, aka kuma naɗa shi babban manaja a 2025.

Sai ga Oktoban 2025. Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo dab da tashi, aka tashi ɗaya da ɗaya, 'yan kallo suka ɓalle cikin fili suka bi alƙalai da baƙi. Maki uku suka sake tafiya, aka rufe filin Sani Abacha, masu gida suka koma karɓar baƙinsu a Katsina.