Zauren Sana'a: Na'urar buga takardu da rikicewar launi

A ƴan shekarun nan na'urar buga takardu, wadda ƴan lakwal ke kira « imprimante », ta fita daga biro-biron gwamnati ta shiga gidaje da ƙananan shaguna. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, balle Yamai, da wuya a ratsa ta bakin lakwal ko ta ma'aikatar magajin gari ba a ga rumfar da ake buga takardu da hotuna ba. Sai dai kukan masu wannan na'ura iri ɗaya ne a ko'ina: takarda ta maƙale, rubutu ya fito da layi-layi, fuskar mutum ta fito tsanwa kamar ganyen rama. Abin ba na wasa ba ne ga ɗalibin da ranar rufe karɓar dosiye ta ƙure masa, ko ga mai shagon da ya ɓata takarda goma kafin ya samu ɗaya ta kirki, abokin cinikinsa kuma ya tsallaka wurin maƙwabci. Masu iya magana sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Mafi yawan waɗannan matsaloli mai na'ura na iya gane tushensu da kansa, kafin ya kashe ko dala ɗaya wurin mai gyara.

Yadda launi ke haɗuwa

Na'urar tawada ta gida, wadda ta fi yawa a hannun jama'a, da tawada huɗu rak take aiki: baƙa, da ruwan ɗorawa, da shuɗiya mai haske da ake kira siyan, da ja mai karkata ga ruwan hoda da ake kira majanta. Duk sauran launukan da ido ke gani a bisa takarda daga haɗuwar waɗannan suke fitowa. Tawadar kuma ta wasu ƙofofi take fesowa, waɗanda suka fi silin gashi siranta, a jikin wani ɓangare da ke kai da kawowa, wanda ake kira kan na'ura. A ƙaramar na'ura irin Epson L3110, baƙar tawada na da ƙofofi 180, kowane launi kuma 59. In kaɗan daga cikinsu suka toshe, sai a ga fararen layuka sun ratsa hoto. In na launi guda suka toshe baki ɗaya, hoton duka ya canza kama.

Tutar Nijar ta isa ta zama ma'auni a nan. Ruwan goron da ke sama da kuma na ƙwallon tsakiya, haɗin majanta ne da ruwan ɗorawa. Tsanwar da ke ƙasa kuwa, haɗin siyan ne da ruwan ɗorawa. Saboda haka wanda ya buga tutar ya ga samanta ya koma ruwan hoda, ƙasanta ya koma shuɗi, to ruwan ɗorawa ne bai fita. In ruwan goron ya koma ruwan ɗorawa, majanta ce ta tsaya, kuma ita ce ke sa fuskokin mutane su fito tsanwa. In tsanwar ce ta koma ruwan ɗorawa, laifin na siyan ne.

Mafi inganci daga wannan shi ne gwajin da na'urar kanta ke da shi, wanda a Faransanci ake rubutawa « Vérification des buses ». Takarda ɗaya yake ci, yana buga ƴan layuka na kowane launi daban. In layukan sun fito cif, babu giɓi, kan na'ura lafiya lau yake, sai a nemi matsalar wani wuri. In akwai giɓi, sai a yi « Nettoyage des têtes », wato wankin kai, a sake gwaji. A nan ne da yawa ke yin ɓarna, su yi ta maimaita wankin har sau goma. Kowane wanki tawada yake zuƙa mai yawa, yana zuba ta cikin wani soso da ke ƙarƙashin na'ura, ranar da soson ya cika kuwa na'urar tsayawa take cak har sai an canza shi. In an yi sau biyu ko uku ba a ga sauyi ba, a kashe na'urar a bar ta ta kwana, domin busasshiyar tawadar ta jiƙa, kana a sake gwadawa da safe.

Zafi, ƙura da yankewar kuran

Me ke toshe ƙofofin? Tawada ruwa ce, ruwa kuma bushewa yake. Littafin da ke zuwa da irin waɗannan na'urori na Epson ya ƙayyade zafin wurin aiki daga digiri 10 zuwa 35, damshin iska kuma daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Kowa ya san a watan Afirilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, a lokacin hunturu kuma iska kan bushe har leɓe ya tsage. Na'urar da aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano, ko bakin taga inda rana ke duka, tana cikin halin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Babban abin da ke kashe ta kuwa shi ne zama babu aiki. Magidanci ya sayi na'ura, ya lulluɓe ta yana tattali, ba ya taɓa ta sai bayan wata uku in ƴaƴa na da buƙata. Ranar da ya kunna ta sai ya tarar tawada ta daskare a ƙofofi. Wani kuma kullum yana buga rubutu baƙi, amma launuka sun yi wata da watanni ba su motsa ba. Maganin mai sauƙi ne: a buga shafi ɗaya mai ɗauke da dukkan launuka sau ɗaya a mako, ko da babu buƙatarsa. Kuɗin wannan shafi bai kai komai ba in aka gwada da kuɗin sabon kai, wanda a wasu na'urorin yakan kusa kuɗin sabuwar na'ura.

Akwai kuma yadda ake kashewa. In aka danna maɓallin na'urar, kan yakan koma gefe ya zauna bisa wani murfi na roba da ke tsare shi daga iska. Wanda ya fizge waya daga bango, ko aka ɗauke masa kuran ana tsakar aiki, ya bar kan a tsakiyar hanya, ƙofofi a buɗe. Masu shaguna ba su manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa Nijar, aka yi ta fama da ɗaukewar kuran dare da rana. Duk sa'ad da haka ta faru, da zarar wuta ta dawo a kunna na'urar, a bari kan ya koma mazauninsa, sannan a kashe ta da maɓalli. Ƙaramin ondilar na taimakon na'urar tawada, domin ba ta cin wuta da yawa. Bayan an kashe, a rufe ta da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura.

Tawada: araha ba ta ado

Na'urorin HP da Canon na gida da zafi suke feso tawada, hanyar da HP ta fito da ita kasuwa a 1984, Canon kuma a 1985. A cikinsu tawadar ce ke sanyaya ƙofofi, don haka wanda ya ci gaba da bugu alhali kartush ta ƙare, ƙona kan yake yi. Na Epson da girgizar wani ɗan ƙanƙanin sinadari suke turo tawada, kan nasu kuma a jikin na'ura yake, ba a canza shi tare da kartush. Tun daga 2010, da Epson ta fara sayar da na'urori masu tanki a Indunisiya, irin waɗannan suka yaɗu saboda sauƙin tawadarsu. A cikinsu kada a bari tawada ta sauka ƙasa da layin da aka zana a jikin tanki, domin iska na shiga cikin ƴan tiyo, launi ya riƙa yankewa.

Tawada iri biyu ce. Akwai mai narkewa cikin ruwa kamar rini, launinta na da haske amma rana na kodar da shi, ruwa kuma na wanke shi. Akwai mai ƙwayoyin gari, wadda ta fi jure rana da ruwa. Zuba wannan bisa waccan na iya haifar da guda-guda da ke toshe kai. Haka nan kwalbar da ba a san asalinta ba, ko wadda ta daɗe a rana bisa teburin ɗan kasuwa, tana iya sa ja ya koma ruwan ƙasa. A duba lambar da ke jikin kwalba ta dace da ta na'ura, a duba hatimin murfi da ranar ƙarewar aiki.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga waje. Kamfanin HP ya raba duniya shiyya-shiyya: na'ura iri ɗaya kan ɗauki kartush mai lamba 123 a Afirka da Gabas ta Tsakiya, 302 a Turai, 63 a Amurka. Siffarsu ɗaya, amma na'urar da aka saya a Faransa tana iya ƙin ta kasuwar Maraɗi ko ta Kano, ko da ta gaske ce. Kafin saye a buɗe na'ura a karanta lambar tsohuwar kartush.

In laifin ba na na'ura ba ne

Sau da yawa gwaji kan fito lafiya, amma mai hoto ya ce launin bai kai wanda ya gani a waya ba. Fuskar waya da ta ordinata da haske suke haɗa launi, ja da tsanwa da shuɗi, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, don haka shuɗi mai walƙiya da tsanwa mai ƙyalli dole su ɗan dushe a bisanta. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuma an riga an matse shi. In ana son ya fito tangaran, a ce wa mai shi ya turo shi a matsayin takarda, wato « document ». Hoto mai kyau na son wajen ɗigo 300 a kowane inci.

Sannan a faɗa wa na'ura gaskiyar takardar da aka sa mata. Takardar biro mai giram 80 tana shanye tawada, takardar foto kuwa a samanta tawada ke zama. In aka sa wannan aka zaɓi sunan waccan, ko dai hoto ya fito a jiƙe yana shafewa, ko ya fito a kode. A duba kuma ko an bar na'urar a kan « Brouillon », wanda ke rage tawada da gangan.

Maƙalewar takarda yawanci daga ƙura ne da ke bin ƴan tayoyin roba masu jan takarda har su yi santsi. A kashe na'ura, a goge su da ƙyalle mai ɗan damshi. Da damina takarda na shan raɓa ta lanƙwashe, da hunturu kuma takan manne da juna; a bar ta cikin ledarta, a kaɗa ta kafin a sa, kada a cika ma'ajin. Wadda ta maƙale a ja ta a hankali da hannu biyu ta inda take tafiya, kada a sa wuƙa ko almakashi.

Wanda aikinsa rubutu ne baƙi zalla, kuma ba kullum yake bugu ba, na'urar leza ta fi dacewa da shi, tun da garin tawadarta ba ya bushewa. In rubutunta ya fara kodewa, a ciro kartush a girgiza ta a hankali dama da hagu, za ta ƙara ɗan aiki. Tabon da ke maimaita kansa a tazara ɗaya alama ce gangar ciki ta samu rauni. Sai dai tana cin wuta ƙwarai lokacin da take gasa garin bisa takarda, ƙaramin ondilar ba ya ɗaukar ta.

Mai gyara na da ranarsa: in launi ya ƙi fita bayan wanki da kwana, in na'ura ta sanar da cikar soso, in ana jin ƙarar ƙarfe ko warin ƙuna. Wanda zai je, ya tafi da takardar gwajin ƙarshe a hannunsa, domin ita ce za ta nuna wa mai gyara inda ciwon yake, ta kuma hana a sayar masa da sabon kai alhali wanki kawai ake buƙata.